Tarbiyyar Yaron da Aka Haifa da Tsagewar Ƙashin Baya

Daga cikin jarrabawar da Allah Maɗaukakin Sarki kan ɗora wa iyaye akwai haihuwar jariri da ƙulli a gadon bayansa, lalurar da likitoci ke kira spina bifida, wadda sababinta shi ne rashin rufewar bututun da kan zama laka da ƙwaƙwalwa, aikin da ya kamata ya kammalu cikin kwana 28 na farkon ciki, tun mace ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. Ba sammu ba ne, ba kuwa shafar iska ba, kuma binciken da likitocin Ingila suka jagoranta a 1991 ya tabbatar da cewa shan folik asid tun kafin ɗaukar ciki yana rage aukuwarta ƙwarai.

Amma maganarmu a yau a kan wanda aka riga aka haifa ce, aka ɗinke masa bayan, ya rayu, ya doshi balaga. Irin wannan yaro, idan jijiyoyin da ke mulkin mafitsararsa sun raunana, galibi wajibi ne a riƙa fitar masa da fitsari da 'yar roba mai tsabta duk bayan sa'a 3 ko 4, hanyar da likita Jack Lapides ya yaɗa a Amurka a 1972, wadda ta kuɓutar da ƙodar mutane masu yawa. Haka kuma dole a duba ƙafafunsa da mazaunansa kullum, domin inda ba ya jin zafi nan gyambo kan kama ba da saninsa ba. Tambayar da ke gaban kowane gida ita ce yaushe wannan ɗawainiya za ta bar hannun uwa ta koma hannunsa.

A nan iyaye kan kasu gida biyu, kuma ni a ganina dukkansu tausayi ne ya ɓatar da su. Na farko su ne waɗanda ba su yarda ya taɓa komai da kansa, har ya kai shekara 18 bai san yadda ake wanke robar ba, alhali mahaifiyar da ya dogara gare ta ba za ta dawwama ba. Grayson Holmbeck na Jami'ar Loyola da ke Chicago, wanda ya daɗe yana bin diddigin irin waɗannan iyalai, ya gano cewa yawan kariya yana tafiya tare da ƙarancin cin gashin kai. Na biyu kuwa, waɗanda haɗarinsu ya fi ɓoyuwa, su ne masu ganin fasahar yaro da zaƙin bakinsa, sai su sallama masa al'amarin gaba ɗaya, ba su san cewa mafi yawan masu nau'i mai tsanani suna da taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa ba, wadda sau da yawa takan bar harshe lafiya lau amma ta raunana tsara aiki, da riƙe lokaci, da tuna abin da ke biye da wani. Yaro ya karanta maka matakan sanya robar tiryan-tiryan, amma azahar ta wuce bai tashi ya sanya ta ba, a ce masa malalaci.

Abin da ya dace shi ne tadriji, kamar yadda malamin allo ba ya biya wa almajiri gaba sai ya kiyaye na baya: a fara da wanke hannu, sannan shirya kaya, sannan sanya robar a gaban babba, kuma a ɗaura lokutan da abin da ba ya gushewa, kamar kiran salla ko ƙararrawar waya. Wanda ke jin kunyar masallaci saboda ɗigar fitsari, a sanar da shi cewa malaman Malikiyya sun yi rangwame ga mai salisi, wanda abin ya lazimce shi mafi yawan lokaci, alwalarsa ba ta warwarewa da shi.

Abu guda ne ba a barinsa ga yaro shi kaɗai komai wayonsa: idan an dasa masa bututun da ke janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, sannan ya tashi da ciwon kai mai tsanani, da amai, da yawan barci ko sauyin hali, to mai yiwuwa bututun ya toshe, a garzaya da shi asibitin da ke da likitocin ƙwaƙwalwa a ranar, ba a jira gobe.