Masu Tayar da Eriya a Adjamé Saint-Michel

Ƙara ce ke fara tona asiri. Ka kunna rediyo, ka ji wani gurnani daga bayan mota kamar ana niƙa tsakuwa, amma sandar eriya ko gezau. Duk mai tsohuwar Marsandi ya san wannan ƙarar. A Adjamé Saint-Michel kuwa, unguwar Abijan da ta ci sunan cocin da ke cikinta, akwai masu gyaran wutar mota da kunnensu kaɗai ya ishe su su faɗa maka inda ciwon yake tun ba ka kashe inji ba.

Adjamé wuri ne da ba a jin kira sai da ɗaga murya. Bas-bas na gbaka na lodi, tasin woro-woro na hon, titin Nangui Abrogoua ya cika maƙil tun safe. Hausawa, musamman na Nijar, sun daɗe da zama 'yan gari a nan da Treichville, har abincin da Abijan ke taƙama da shi, acceke da soyayyen kifi, sunan Garba yake amsawa. A tsakiyar wannan hayaniya na zauna wajen wani dattijo mai wayarin, wanda yaransa ke ce wa patoron, ina kallon sa yana aikin da sai an yi shiru ake yin sa.

Motar da ke gabansa Marsandi ce ƙirar W123, irin wadda aka fara ƙerawa a 1976, eriyarta ta kamfanin Hirschmann na Jamus. Abin da ido ke gani sanda ce mai gaɓa-gaɓa, kowace na shigewa cikin 'yar uwarta. Asirin yana cikin but, a bayan shafi. Can akwai ƙaramin moto mai cin wutar batir bolt 12, yana juya giya, giyar na tura wata igiyar roba mai haƙora wadda aka ɗaure da gaɓar ƙarshe ta sandar. Ka kunna rediyo, wata siririyar waya ta kai saƙo, igiya ta warware ta tura sanda sama. Ka kashe, ta naɗe cikin gidanta kamar maciji a kwando.

Dattijon bai fara da sifana ba. Ya ce wa mai motar, "Alhaji, kunna mana mu ji." Idan shiru ne, maganar wuta ce: fiyus, ko waya ta tsinke, ko tsatsa ta cinye wurin da aka ɗaure wayar da jikin mota. Idan kuwa moto na kuka sanda na tsaye, igiya ce ta karye ko haƙoranta sun cinye. Wannan karon moto na kuka.

Nan ne ake gane gwani. Mai gaggawa zai kwance notin da ke saman fenda, ya zare tsohuwar sanda, ya cusa sabuwa, ya karɓi kuɗinsa. Kwana kaɗan sai motar ta dawo, domin guntun tsohuwar igiya yana nan kwance cikin gidan, ya tare wa sabuwar wuri. Shi kuwa sai da ya ciro akwatin gaba ɗaya, ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya jera sukurori bi da bi yadda ya kwance su. Da ya buɗe murfin, ga gutsattsarin igiya uku sun yi rawaya don tsufa, ga giris ya daskare kamar tsohon man shanu. Ya tsince su da filaya, ya wanke giyar da buroshi, ya ɗaga ta sama yana duban haƙoranta ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa sabon giris kaɗan. Sannan ya hura wani ɗan bututu da ke ƙasan akwatin, wanda ni ban ma lura da shi ba.

"Ka ga wannan?" ya ce da yaronsa. "Ta nan ruwa ke fita. In ya toshe, ruwan sama ya kwana ciki, moto ya mutu."

A garin da damina ke zuba kamar da bakin ƙwarya a watan Yuni, iskar tafkin Ébrié kuma kullum da laima, wannan ɗan bututu ba abin rainawa ba ne. Idan hunturu ya kawo ƙura kuma, sai ta manne wa sandar. Shi ya sa yake hana masu mota shafa mata baƙin mai: mai na kama ƙura, ƙura ta zama kamar yashi a tsakanin gaɓoɓi. A goge ta da tsumma mai tsabta, shi ke nan. Sauran ɓarnar kuwa ta masu wankin mota ce, da yaran da ke lanƙwasa ta don wasa.

Samun sabuwar sanda wani aiki ne daban. Sai a tura yaro kasuwar kayan gyaran tsofaffin motoci, wadda mutanen Abijan ke kira kas, ya bi rumfa-rumfa da tsohuwar a hannu, don tsawon igiya da girman haƙora sun bambanta daga mota zuwa mota. Tsawon sandar ma ba ado ba ne. Tashoshin FM suna tsakanin 88 da 108, kuma sandar da ta kai kimanin santimita 75 zuwa 80 ita ce ta fi kama su. Wadda ta tsaya a rabi, rabin murya za ta ba ka.

Ni dai abin da ke damuna shi ne hannuwan da suka san wannan aiki suna raguwa. Tun 2018 gwamnatin Kodebuwa ta hana shigo da ƙananan motocin da suka haura shekara 5, irin waɗanda ake wa kirari da "France au revoir". Sababbin motoci eriyarsu a jikin gilashi take, ko wani ɗan tudu a kan rufi, babu abin da ke hawa balle ya sauka. Yaran gareji sun fi son koyon na'urar da ake jona wa mota ta faɗi laifinta, kuma ban ga laifinsu ba, can abinci yake. Amma na'ura ba ta koya wa yaro ya buɗe abu ya gane yadda aka yi tunaninsa, kuma wanda ya iya wannan ɗan akwati ya kama hanyar gyaran moton gilashin ƙofa da na waifa, don dangi ɗaya ne.

Da ya mayar da akwatin, ya sa aka kunna rediyo, ya zura bakin sabuwar igiya cikin rami har ya ji haƙora sun kama. "Kashe, Alhaji." Moto ya ja, igiya ta shige, shi kuma yana riƙe da sandar a miƙe yana bin ta a hankali har ta nutse. Ya ɗaura noti. Aka sake kunnawa, sanda ta tashi gaɓa bayan gaɓa, muryar RFI a 97.6 ta fito tas. Bai yarda ba sai da ta hau ta sauka sau biyar, sannan ya goge hannu ya ce wa yaron ya tattara sukurdireba.