Ciwon Suga: Yadda Ƙaramin Miki Ke Kaiwa Ga Ƙashi Da Zuciya

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya zama madogara ga magidanta da dama a Talata Mafara, Bakura da Maradun. Aiki ne na wuni cikin ruwa da laka, galibi babu takalmi. Ga mai lafiya, sukar ƙaya ba wani abu ba ce. Ga mai ciwon suga da ke wasa da magani kuwa, tana iya zama silar rasa ƙafa, ko ma rai.

Idan suga ya daɗe yana da yawa a jini, jijiyoyin ƙafa kan mutu, mutum ya ji rauni bai sani ba. Jini ba ya isa wurin sosai, garkuwar jiki ta yi sanyi, miki ya zama gyambo. Daga nan ƙwayoyin cuta, musamman Staphylococcus aureus, su nutsa har cikin ƙashi su fara cin sa. Hoton ƙashi ma kan yi mako 2 zuwa 3 bai nuna ɓarnar ba, maganin kuma yakan ɗauki kusan mako 6. In an makara, sai yanke yatsa ko ƙafa.

Idan ƙwayoyin suka shiga jini, sukan maƙale a marafan da ke daidaita gudun jini cikin zuciya, su lalata su. Alamomin wannan cuta ta zuciya su ne zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, gumin dare, kasala, haki da kumburin ƙafafu. Gwajin jini da hoton zuciya ke tabbatar da cutar, sannan a yi mako 4 zuwa 6 ana allura ta jijiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne jinkiri. Wani ya ce jifa ne, wani ya kai wa wanzami ya yi masa sakiya, wani ya sayi kafso a kemis ya barbaɗa, alhali cutar na ƙara nutsawa.

Don haka mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, ko yayin alwala, ya tsane su da kyau. Ya sa takalmin roba in zai shiga gona, ya riƙa auna suga, kada ya bar magani don ya ji sauƙi. Miki ko yaya ƙanƙantarsa a kai shi asibiti da wuri. In an tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato, kada ku jira sai an sayar da amfanin gona.