Maganin RNA da zafin Kaduna

Tun bayan annobar korona, masana harhaɗa magunguna suka duƙufa kan RNA, wato sinadarin da ke isar da saƙo a cikin ƙwayoyin halittar jiki. A shekarar 2023 ma Katalin Karikó da Drew Weissman suka samu lambar yabo ta Nobel a kan wannan fanni. Yanzu wasu na neman hanyar shafa irin wannan magani kai tsaye a bangon maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa ciki (ba maƙogwaro ba, ko da yake mukan haɗa su a magana), domin kumburi da ciwon daji. Har yanzu dai aikin yana matakin bincike.

Matsalar ita ce RNA ba ya da juriya. Miyau kansa yana ɗauke da sinadaran da ke farfasa shi, kuma abin da aka haɗiye kan wuce maƙoshi cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Shi ya sa ake lulluɓe shi da ƙananan ƙwayoyin kitse, ana kuma gwada siririn ledan magani mai mannewa a bangon maƙoshin har ya narke.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne tafiyar maganin kafin ya iso bakin majiyyaci. Idan mai karatu bai manta ba, rigakafin Pfizer da farko sai an ajiye shi a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili, na Moderna kuwa digiri 20. Wane kantin magani ne a Kawo ko Unguwar Rimi zai riƙe wannan sanyi a watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta, ga tsadar dizal? Ba sai an je ƙauye ba.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Inclisiran, gajeren RNA da aka ƙarfafa wa jiki don rage kitsen jini, ba ya buƙatar firji. Sai dai zafin ɗakin da Turawa ke nufi bai wuce digiri 25 ba, alhali ƙa'idar gwajin magani ga ƙasashe irin namu digiri 30 ce da laima kashi 75 cikin ɗari. Wajibi ne NAFDAC ta tsaya kan wannan ƙa'ida ba sassauci, likitocin Asibitin Barau Dikko da na Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa kuma su nemi shiga gwaje-gwajen tun yanzu, domin su ne za su rubuta maganin idan ya fito.