Ciwon ƙoda mai tsanani: Yadda iyali za su taimaki dattijo ya zaɓi hanyar magani

Idan likita ya tabbatar cewa ciwon ƙodar dattijo ya kai mataki na 5, wato aikinta ya yi ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, iyali da dama kan ɗauka cewa wankin ƙoda ne kaɗai ya rage. Likitoci kuwa sun san hanyoyi uku.

Ta farko ita ce wankin ƙoda, wanda ake yi a Minna a Asibitin Ƙwararru na IBB. A ƙa'ida sau uku ake yin sa a mako, kowane zama kimanin awa huɗu. Yana rage guba da ruwan da suka taru a jiki, amma ba ya warkar da ƙodar. Ga tsohon da ke zaune a Kontagora ko Mokwa, wahalar tafiya da kuɗin mota suna cikin lissafi.

Ta biyu dashen ƙoda ne, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002. Sai dai yana buƙatar jikin da zai jure tiyata, da mai ba da ƙoda, da shan magani har ƙarshen rayuwa.

Ta uku ita ce kulawa ba tare da wanki ba: daidaita hawan jini, maganin ƙarancin jini da kumburi da ƙaiƙayi, rage gishiri, da guje wa magunguna irin su ibuprofen da diclofenac da haɗe-haɗen gargajiya. Likita na ci gaba da duba majinyacin a kai a kai. Wani bincike a ƙasar Holan ya nuna cewa wanki bai ƙara wa waɗanda suka haura shekara 80 tsawon rai sosai ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a tambayi mai jikin. Sau da yawa 'ya'ya kan yanke shawara a bayan idonsa, har su sayar da gona, don gudun a ce sun kasa. Ya kamata a zauna da shi gaban likita tun yana cikin hayyacinsa, a yi masa bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Nufanci ko Gwaranci, sannan a ji abin da ya fi so: ƙarin lokaci ko zama a gida cikin iyali.

Ana kuma iya gwada wankin na 'yan watanni, a sake zama da likita a duba ko ya amfane shi.