Abin da ya kamata ku sani idan dashe ya yi yaushi

Duk damina ana dasa darbejiya da mangwaro da gwaba a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, wasu a gidaje, wasu ƙarƙashin shirin katangar bishiyoyi na yaƙi da hamada. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ganye ya lanƙwashe, ya yi ɗorawa, ya fara kakkaɓewa. Wasu a nan suke yanke ƙauna su tuge dashen, wasu kuma su garzaya da takin zamani. Duka biyun gaggawa ce.

Ciwon a saiwa yake. Wajen cire dashen daga leda, ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa sun tsintsinke, ganye kuwa bai fasa fitar da ruwa ba, shi ya sa yake zubewa. Ku kankare ɓawon da farce. In kun ga kore da danshi, da sauran ransa.

Ruwa ne maganin, amma ba yayyafi ba. A ƙasa mai rairayi irin ta Babura, ɗan ruwan da ake watsawa kullum rana ce ke shanye shi kafin ya kai saiwa. Ku yi wa dashen gurbi, ku zuba bokiti guda da yamma duk bayan kwana 2 ko 3. Inda ƙasa ke riƙe ruwa, ku tura yatsa tukuna, domin saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan gurbin ba tare da ta taɓa gindin ba, ku barbaɗa toka saboda gara. A kafa zana ta tare ranar la'asar, a kewaye da ƙaya, don akuya ba ta san dashe mai jinya ba.

Taki kuwa a dakata sai sabon ganye ya fito. Na zamani da ɗanyen kashin dabbobi suna ƙona saiwar da ke da rauni.

Ko saman ya bushe, gindi na iya tofowa. Da irin wannan tofon na kututture manoman Maradi suka farfaɗo da itatuwan gonakinsu tun daga shekarun 1980. Sai dai a mangwaro mai aure, tofon da ya fito ƙasa da wurin haɗin ba shi ne irin da kuka saya ba, a cire shi.

Kada ku daina bayi don damina ta wuce. Dashen bana yana buƙatar ruwa duk tsawon hunturu da bazara, har ruwan baɗi ya sauka.