Iskar Sayanojin da Gubar da ke cikin Rogo da Gyauron Dawa

Sayanojin iska ce marar launi, mai wari kaifi, wadda ta ƙunshi sinadarai biyu kacal, wato kabon da naitirojin. A kowace ƙwayarta akwai zarrar kabon biyu da ta naitirojin biyu, shi ya sa masana ke rubuta ta da alamar C2N2. Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Gay-Lussac ne ya fara haɗa ta a shekarar 1815. Idan aka ƙona ta cikin iskar oksijin zalla, zafin harshen wutarta yakan haura digiri 4,500 a ma'aunin Salshiyos. A shekarar 1910, da aka ji cewa akwai ɓurɓushinta a jelar tauraruwa mai wutsiya ta Halley, jama'a da dama a Turai da Amurka sun firgita, amma duniya ta ratsa jelar ba abin da ya sami kowa.

Ba kasafai Bahaushe zai ci karo da wannan iska ba. Wadda yake hulɗa da ita kullum, ko da bai san sunanta ba, ita ce 'yar'uwarta haidirojin sayanayid, mai alamar HCN. Dukkansu gubarsu ɗaya ce, domin a cikin jiki sayanojin takan rikiɗe ta saki sayanayid. Wannan guba ba ta hana jini ɗaukar oksijin. Ƙwayoyin jiki take hanawa su yi amfani da shi. Saboda haka ƙwaƙwalwa da zuciya ne ke fara galabaita. Sai a ga jiri da ciwon kai da amai da haki, in abin ya yi yawa a kai ga suma da mutuwa.

Garin kwaki na daga cikin kayan abincin da ake ƙetarawa da su daga Nijeriya zuwa Nijar, kuma hanyar Jibiya da ta bi ta Magama da Ɗan Isa zuwa Maraɗi tsohuwar hanyar fatauci ce. Rogon da ake yin garin da shi, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira linamarin. Muddin saiwar na nan ba a taɓa ta ba, sinadarin a kwance yake. Da zarar an goge ta ko an tauna, sai ya haɗu da wani mahaɗi da ke cikin rogon kansa, daga nan sayanayid ya fara fita. To a nan hikimar masu sarrafawa take. Ferewa na kawar da ɓawo, inda gubar ta fi taruwa. Gogewa da barin ƙullun kwana biyu zuwa huɗu a buhu yana tsatsafa suna ba sinadaran damar warwarewa. Suya kuma ta kori abin da ya saura, domin haidirojin sayanayid yakan zama tururi tun a digiri 26, zafin da bai kai na hantsin bazara a Jibiya ba. Ƙa'idar hukumar Codex ta duniya ita ce kada gubar ta wuce miligiram 10 a kilo ɗaya na garin rogo, garin kwaki kuwa miligiram 2.

Haɗarin yakan taso ne lokacin tsada ko fari, sa'ad da mai sarrafawa ya gajarta kwanakin don ya riski kasuwa. Jiki na iya kashe guba kaɗan ta hanyar amfani da sinadarin salfa da yake samu daga nama, ƙwai, wake da gyaɗa, don haka wanda cimarsa rogo ce tsagwaro shi ya fi shiga hatsari. Cutar konzo, mai sandarar da ƙafafu farat ɗaya kuma ba ta warkewa, an fara bayaninta a Kwango a 1938. A Nijeriya, Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya danganta wata cutar jijiyoyi da yawan cin rogon da bai sarrafu ba, tun cikin shekarun 1960. Inda ake ƙarancin aidin kuma, wannan cima na ƙara haddasa maƙoƙo.

Makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa na kashe dabba. Dalili shi ne ɗanyen tsiron dawa, musamman wanda fari ya dama, yana da sinadarin durin mai sakin sayanayid a cikin tumbi. Karan da ya nuna ya bushe ba ya da wannan illa sosai. Malamin da ke karantarwa a karkara zai tarar ɗalibansa sun riga shi sanin wannan misali, abin da ya rage masa shi ne ya ba su dalilin.

Ta fuskar amfani, ana feshin katako da sayanojin don kashe ƙwari kafin a ɗora shi a jirgin ruwa. Gishirin sayanayid kuwa shi ne ke narkar da zinariya daga cikin dakakken dutse, dabarar da aka ƙirƙiro a Sikotilan a 1887. Masu haƙar gargajiya a yankin Tillaberi na Nijar suna amfani da shi, kuma ruwan da ya kwarara daga kududdufan wankin kan gurɓata rijiyoyi da mashayar dabbobi.