Faston ƴan ƙwallo: mene ne aikinshi?

Ran kasuwa da dare, bayan mun tashi daga karatu, muka taru wurin mai shayi muna kallon ƙwallo a talabijin. Wani ɗan wasa ya shigo fili, ya durƙusa, ya ɗaga hannuwa sama. Sai wani dattijo cikin ɗalibaina, makiyayi, ya ce mini: "Malam, ashe su ma Nasara suna da malaman da ke yi musu aiki?" Na ce mishi: "Baba, suna da su, amma aikin ba irin wanda kake nufi ba ne." Na yi alkawari zan rubuta bayanin cikin jarida, don ya karanta da kanshi. To, ga shi.

Mu nan kokowa muka sani. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, kowa ya ga yadda ɗan kokowa ke shiga fili. Ga layu, ga guraye, ga rubutun sha. Duk don ya kada abokin karawarshi ne. Abin da dattijon ke nufi ke nan.

A Ingila, ƙungiyoyin ƙwallo da yawa suna da fasto, wato malamin addinin Kirista. Ba shi ba da laya. Ba shi zaɓen wanda zai yi wasa. Ba shi koya ma kowa bugun ƙwallo. Galibinsu ma ba a biyan su albashi a kan wannan aiki. Suna da majami'arsu cikin gari, sai su ware rana guda cikin mako su zo wurin da ƴan wasa ke horo. Fasto ya gaida ƴan wasa, ya gaida mai share fili, ya gaida mai wankin riguna. Ya zauna ya sha shayi da su. Wanda ke da magana ya ja shi gefe.

Wani zai ce wannan ai zaman banza ne. A'a, ku dakata ku ji.

Ɗan ƙwallo da ƙafarshi yake ci, kamar yadda manomi ke ci da damina. Ran da gwiwa ta lalace, daminarshi ta ƙare. Yana iya yin wata shida ko shekara bai taka fili ba, wani kuma ya gaje wurinshi. Ga yara da ake ɗauka tun suna ƙanana ana koya musu wasa. Kaɗan ne cikinsu ke kai ga zama manyan ƴan wasa. Sauran, suna shekara 16 ko 18 sai a kira su a ce an sallame su. Ga kuma baƙi, ƴan Afirka da na wasu ƙasashe, sun baro uwa da uba, ga sanyi, ga harshen da ba su ji, ga dangi can gida kowa ya zuba ido yana jiran aike. Wasu caca ta kama su, wasu giya.

To wa yaro zai gaya ma damuwarshi? In ya gaya ma mai horar da su cewa ba shi barci, gobe sai a ajiye shi, a sa wani. In ya gaya ma abokin wasa, shi ma wurin nan yake nema. In ya gaya ma ɗan jarida, duniya ta ji. Fasto kuwa ba shi da hannu cikin zaɓe, ba shi da hannu cikin kuɗi. Abin da aka gaya mishi nan yake tsayawa. A ganina nan ne amfaninshi yake. Ko a karkara mun san darajar dattijon da cikinshi rumbu ne.

Mutumin da ya yi suna a wannan aiki a Ingila shi ne John Boyers, faston ɗarikar Baptis. A 1977 ya fara da ƙungiyar Watford, kusa da birnin Landan. A 1991 ya kafa ƙungiyar da ke nemo fastoci, ta horar da su, ta haɗa su da ƴan wasa. Yau ana kiran ta Sports Chaplaincy UK. A 1992 ya zama faston Manchester United, kuma ya yi fiye da shekara 20 a can. Aikin bai tsaya ga ƙwallo ba. Har masu sukuwa da yaran da ke kiwon dawakin sukuwa suna da nasu faston. A Amurka kuwa an riga su farawa: tun 1954 aka kafa ƙungiyar ƴan wasa Kirista a can.

Ga misalin ranar da ake neman irin wannan mutum. Ran 17 ga watan Maris 2012, ƙungiyar Bolton ta je Landan wasa da Tottenham. Ba a kai hutun rabin lokaci ba, sai wani ɗan wasan Bolton ya faɗi shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Sunanshi Fabrice Muamba, haifaffen Kinshasa, shekararshi 23. Zuciyarshi ta tsaya. Likitoci suka yi ta fama tun daga fili har asibiti. Minti 78 zuciyar ba ta buga da kanta ba. Aka dakatar da wasa. Ƴan wasa, Kirista da Musulmi, kowa na addu'a, wasu na kuka. Da ikon Allah ya farfaɗo, amma bai sake ƙwallo ba. Cikin watan Agusta na shekarar ya bar wasa. Aikin likita likita ya yi shi. Amma abokan da suka ga faɗuwarshi da idonsu fa? Da jama'ar gari da suka yi ta zuwa filin Bolton suna jiran labari? Ƙungiyar tana da fastonta, kuma zama da irin waɗannan mutane shi ne aikinshi.

Kada a ce Kirista kaɗai ake kula da su. Ƙa'idar aikin ita ce fasto na kowa ne, mai addini da marar addini. In ɗan wasa Musulmi ne, sai a haɗa shi da limami. A wasannin Olimpik, cikin unguwar da ake saukar da ƴan wasa, akan buɗe wurin ibada. A Pari, a 2024, addinai biyar ne aka ba wuri: Kirista, Musulmi, Yahudawa, Hindu da mabiya Buda. Wasannin Landan na 2012 kuwa cikin azumi suka faɗo, kuma akwai malamai Musulmi da ke zaune don masu tambaya.

Abin yana da nashi aibi, ba zan ɓoye muku ba. A Amurka an sha kai ƙara cewa in mai horo ya tsaya kan addu'a, yaro yakan shiga ba don ranshi ya so ba, sai don tsoron kada a hana shi wasa. Addu'ar dole kuwa ba ta da albarka. Akwai kuma masu maida fasto kamar laya, su ce ya roƙa musu nasara. To ɗaya ƙungiyar ma tana da nata faston. Wanne za a karɓa? Shi ya sa waɗanda suka san aikin suka fi roƙon a gama lafiya, kowa ya koma gida da ƙafarshi.

Da na karanta ma dattijon nan wannan takarda kafin in aiko ta, sai ya yi shiru. Can ya ce ya san wani ɗan kokowa a ƙauyensu. Sa'ad da yake kaye, makaɗa ba su barin ƙofar gidanshi. Da kafaɗarshi ta goce, ko mai tambayar kwana ya rasa. Yanzu itace yake saidawa a bakin tasha. Ya tambaye ni ko akwai garin da ke da wani tsari na kula da ƴan kokowar da suka ji ciwo ko suka tsufa.

Jama'ar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, in akwai haka a garinku, ku rubuto ma jarida. Ku faɗi wa ke yi, da yadda ake yi. Wanda hannunshi bai nuna ba tukuna, ya je wurin malamin yaƙi da jahilci na garinsu, su rubuta tare.